Wa ya hana Anyes sani? Tambayar da muka manta a aji

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyar da Faransanci a lise. A tsawon shekarun nan na karantar da wasan kwaikwayon Moliyer mai suna L'École des femmes, wato Makarantar Mata, har na daina ƙirga sau nawa. Kowace shekara abu ɗaya nake yi. In rubuta sunan Anyes a allo, in ja layi, in rubuta kalmar ingénue a gabansa, in ce wa yara ma'anarta yarinya mai sauƙin kai wadda ba ta san duniya ba. Su kwafe cikin kaye. Idan muka iso wurin da aka ce ta taɓa tambaya ko ta kunne ake samun ƴaƴa, sai aji ya kece da dariya, ni ma in yi tawa, a buga ƙararrawa mu watse.

Bara waccan, ana cikin wannan dariya, wata ɗaliba da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, to ita ce ta zaɓi ta zama haka? Ni a ganina sunan wanda ya hana ta sani ya kamata a rubuta a allo."

Na ba ta amsar malamin da aka kama bai shirya ba, na ce za mu zo wurin. Da dare na ɗauko littafin na sake karanta shi daga farko, ba don shirya darasi ba, kuma kunya ta kama ni. Abin da yarinyar nan ta gani cikin mako biyu yana nan a fitowa ta farko ta wasan, baƙi a kan fari, ni kuwa shekara da shekaru ina tsallake shi.

Saboda haka ga maganar da nake so in yi da ƴan uwana malamai da iyayen yara. Rashin sanin matan da ke cikin tsofaffin littattafan Faransa gina shi aka yi, da gangan, aka kashe masa kuɗi da lokaci, kuma a kowane littafi akwai namijin da ke cin ribarsa. Marubutan sun nuna wannan ƙarara. Mu malamai ne muka mai da shi hali irin na halitta, kamar gajarta ko tsawo, muka koya wa yara su yi wa wadda aka cuta dariya, su manta da wanda ya cuce ta. Wannan kuskure ne a fannin adabi, kuma a aji irin namu, inda ƴan mata ke zaune suna sauraro, ya wuce kuskure ya zama laifi.

Mu koma ga littafin. An fara nuna wasan a birnin Paris a watan Disamba na 1662. Arnolf mutum ne mai shekara 42, mai dukiya, wanda babban tsoronsa a duniya shi ne matarsa ta ci amanarsa mutane su yi masa dariya. Da bakinsa yake ba abokinsa labarin maganin da ya samo. Ya ga wata yarinya ƴar shekara huɗu a hannun wata matalauciyar ƙauye, ya karɓe ta, ya kai ta wani ƙaramin gidan mata masu zuhudu na Kirista, ya ba da umarni a rene ta cikin jahilci iyakar iyawa. Shekara goma sha uku yana biyan kuɗi yana jira. Da ta kai goma sha bakwai ya ɗauko ta ya ajiye a wani gida dabam, ya sa mata barori biyu da ya zaɓa saboda su ma ba su da wayo, don kada wani ya buɗe mata ido. Yana alfahari da wannan aiki kamar manomin da ke nuna gonarsa. Yana kwatanta ta da kakin zuma da zai murza yadda yake so.

To ina sauƙin kai a nan? Yarinyar da aka kulle tun tana shekara huɗu, aka tace duk abin da zai shiga kunnenta, idan ta tambayi ta ina ake samun ƴaƴa, wautar wa muke gani? Ruwa ba ya tsami banza.

A kashi na uku Arnolf ya zaunar da ita ya yi mata huɗuba, ya tsorata ta da tukwanen wuta da ake jefa matan banza a lahira, sannan ya miƙa mata takardar ƙa'idodin aure ya ce ta karanta da ƙarfi. Ina roƙon kowane malami ya sake duba waɗannan ƙa'idodi da idon basira. Akwai wadda ta hana kwalliya sai don miji, akwai wadda ta hana baƙi, akwai wadda ta hana fita yawo. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ta hana mace mallakar tawada da takarda da alƙalami, domin duk abin da za a rubuta a gida miji ne zai rubuta shi. Arnolf ya san inda haɗarin yake. Kuma da gaskiyarsa, domin da ya umarce ta ta jefi saurayin nan Oras da dutse ta taga, ta jefa dutsen kamar yadda aka ce, amma ta haɗa da wasiƙa. Da Arnolf ya ji, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne an koya mata rubutu ba da sonsa ba. Ɗan abin da ya ɓuɓɓugo ta ƙarƙashin ƙofar da ya kulle shi ne ya rushe aikin shekara goma sha uku.

A kashi na ƙarshe Anyes ta tsaya gabansa ta faɗa masa cewa ta san ba ta san komai ba, tana jin kunyar haka, kuma ta san shi ne ya yi mata wannan. Nan ne zuciyar wasan. Yarinyar ta gane cewa duhun da take ciki yana da mai shi. Sai dai mu lura da yadda aka warware labarin. Ba wayonta ne ya fitar da ita daga hannun Arnolf ba. Ubanta na gaskiya ne ya dawo daga Amurka, aka tarar tun da farko ya yi alkawari da uban Oras za su haɗa ƴaƴansu aure. Sa'a ce kawai ta sa zaɓin iyaye maza ya dace da zaɓin zuciyarta. An fitar da ita daga hannun wani namiji an miƙa ta ga wani, a kan yarjejeniyar maza biyu da ba a tambaye ta ba. Sau nawa muka nuna wa yara wannan?

Kada kuma mu mai da Moliyer waliyyi. A shekarar da ya rubuta wasan, yana ɗan shekara 40, ya auri yarinyar da ba ta wuce ashirin ba. Shekara goma bayan haka, a 1672, ya fito da Les Femmes savantes, inda ya sa ƴan kallo su yi dariyar matan da suka ɗauki ilimi da zafi. Ga alama mutumin yana ƙin jahilcin da ya yi yawa, yana kuma tsoron ilimin da ya yi yawa, a wurin mace. Iyakar da ke tsakani kuwa maza ne ke shata ta. Wannan ma abin tattaunawa ne da ɗalibai, ba abin ɓoyewa ba.

Arnolf mugu ne abin dariya, kowa yana iya nesanta kansa da shi. Wanda ya fi haɗari shi ne mai hankali da daɗin baki. A 1762 Ruso, wanda muke gabatar wa yara a matsayin uban ƴanci da daidaito, ya buga littafinsa na tarbiyya, Émile. Ya ba da kashi huɗu ga yadda za a reni yaro namiji ya zama mai tunanin kansa, wanda ba ya karɓar magana sai ya gwada ta. A kashi na biyar ya kawo Sofi, matar da za a shirya masa. Ra'ayinsa a nan shi ne duk tarbiyyar mace a auna ta da buƙatar namiji: ta faranta masa, ta amfane shi, ta rene shi yana ƙarami, ta kula da shi yana babba, a saba mata da takura tun tana yarinya. Abin da Arnolf ya yi cikin hauka, Ruso ya sa masa rigar falsafa. Mu kuma a aji muna karanta sashen Emil mu tafa, mu rufe littafin kafin a iso Sofi.

Wanda ya nuna ƴaƴan da wannan itace ke haifarwa shi ne Mofasan, a ƙagaggen labarinsa Une vie na 1883. Uban Jan ba mugu ba ne. Mutum ne mai kyauta, mai taushin zuciya, kuma marubucin ya ce almajirin Ruso ne na haƙiƙa. Saboda son da yake yi wa ƴarsa ya kai ta gidan zuhudu tana shekara goma sha biyu, ya bar ta a can har goma sha bakwai, don ta fito da zuciya fara, ba ta san komai na sha'anin mutane ba. Ta fito, cikin ƴan watanni ta auri Juliyan. A ranar aure ne uban ya ja ta gefe yana in'ina, yana ƙoƙarin faɗa mata cikin minti kaɗan abin da aka ɓoye mata shekara biyar. A tafiyar amarci mijin ya karɓi jakar kuɗin da uwarta ta ba ta, da sunan zai riƙe mata, daga nan sai da roƙo take ganin nata. Baranyarta Rozali, wadda suka sha nono ɗaya, ta haihu a ɗakinta, Jan ba ta gane ɗan mijinta ne ba sai daga baya. A ƙarshen labari, da dukiya ta lalace, wadda ta dawo ta tsamo abin da ya rage ita ce Rozali ɗin nan, baƙauyiyar da wuya ta koya mata lissafi.

Iyaye, wannan littafin namu ne. Yawancinmu ba Arnolf ba ne. Uban Jan ne mu. Muna son ƴaƴanmu mata, muna jin cewa idan ba su ji ba, ba su gani ba, to sun tsira. Amma namijin da zai aure ta ya ji, ya gani. Mun aika ta kasuwa ba ta san farashi ba, wanda za ta yi ciniki da shi kuwa dillali ne.

Akwai wani irin rashin sani da ya fi na sha'anin aure tsada, shi ne rashin sanin dukiya da takarda. Balzak ya rubuta Eugénie Grandet a 1833. Girande tsohon maƙerin ganguna ne a garin Somur da ya zama hamshaƙin mai kuɗi kuma marowaci. Matarsa ta kawo masa dukiyar da ta haura faran 300,000 ta hanyar aure da gado, amma ba ya ba ta fiye da faran shida a lokaci guda. Ita da ƴarta Ujeni suna zaune suna ɗinki a ɗaki mai sanyi, ana auna musu sukari da itacen wuta, ba su da labarin yawan abin da ke gidan. Da uwar ta rasu, doka ta ba Ujeni damar neman a raba mata gadon uwarta. Uban ya kawo mai rubuta takardun dukiya na hukuma, ya sa ta sa hannu ta yafe. Shi kansa mai takardun ya yi ƙoƙarin nusar da ita cewa tana tsiraita kanta ne, amma ta ce a nuna mata wurin sa hannu kawai, don uban ya samu kwanciyar hankali. Ya yi mata alkawarin faran ɗari a wata. Da ya mutu aka lissafa abin da ya bari, ya kai miliyan 17. Hausawa sun riga sun faɗa, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Idan muka zo wannan wuri a aji, me muke cewa? Muna cewa Ujeni alama ce ta tsarkin zuciya da biyayya, ubanta alama ce ta rowa. Mu rubuta a allo, gida biyu, yara su kwafe. Ba mu tambaya: me ya sa mace mai shekara fiye da ashirin ba ta san abin da doka ta ba ta ba? Wa ya amfana da rashin saninta?

Amsar tana cikin dokar ƙasarsu, kuma ba za a fahimci littattafan nan ba sai da ita. Kundin dokokin farar hula na Napoliyon na 1804, a aya ta 213, ya wajabta wa miji kāre matarsa, ya wajabta wa mace yi masa biyayya. Matar aure ba ta iya sayar da dukiyarta ko shigar da ƙara ba tare da izinin miji ba. Ba a cire wajibcin biyayyar nan ba sai 1938. Matan Faransa ba su samu ƴancin zaɓe ba sai 1944. Sai a 1965, shekara biyar bayan Nijar ta samu ƴancin kai, aka ba matar aure a Faransa damar yin aiki da buɗe asusun banki ba tare da yardar mijinta ba. Shekarun aure da kundin ya sa, 15 ga mace da 18 ga namiji, sun zauna a dokarsu har 2006, kuma lambobin nan ne muka gada a namu kundin. Mace ta farko da ta ci jarabawar bak a Faransa, Julie-Victoire Daubié, ta ci ne a 1861, kuma sai 1924 aka daidaita karatun sakandaren mata da na maza. Olympe de Gouges, wadda ta rubuta takardar haƙƙin mata a 1791, an sare mata kai a 1793. Wannan ita ce ƙasar da Anyes da Ujeni da Jan suka tsiro a cikinta.

To ina matan da suka sani? Suna nan, amma dubi yadda ake yi da su. A Les Liaisons dangereuses na Lakulo, 1782, akwai mata biyu. Sesil ƴar shekara goma sha biyar ce, an fito da ita daga gidan zuhudu don a yi mata aure, ba ta san komai ba, aka yi wasa da ita kamar ƴar tsana, ta ƙare ta koma inda ta fito. Madam Martoy kuwa ta koya wa kanta karanta fuskokin maza da ɓoye tata, ta fahimci yadda iko ke tafiya, amma marubucin ya yi ta shaiɗaniya, ya ƙare ta da tonon asiri da talauci da cutar agana da ta ci mata ido ɗaya. Zaɓi biyu ke nan aka shimfiɗa wa mai karatu: ko jahila abar tausayi, ko masaniya abar tsoro. Idan ba mu nuna wa ƴan matanmu cewa wannan zaɓin ƙarya ne ba, za su ɗauka haka duniya take.

Hanya ta uku tana nan a littafin da mace ta rubuta. La Princesse de Clèves ya fito a 1678 ba sunan marubuci, Madam Lafayet ce ta rubuta shi. A ciki akwai uwar da ta saɓa wa sauran iyaye mata na zamaninta. Ba ta ɓoye wa ƴarta zancen soyayya ba. Ta zaunar da ita ta gaya mata daɗinsa da haɗarinsa, ta gaya mata yaudarar maza da rashin riƙon alkawarinsu. Yarinyar nan ba ta lalace ba. Ita ce ma ta fi kowa kamun kai a fadar sarki, kuma da mijinta ya mutu, wanda take so ya nemi aurenta, ta auna lamarin da hankalinta ta ce a'a. Ko ka yarda da hukuncinta ko ba ka yarda ba, nata ne. A duk matan da na lissafa, wadda aka gaya wa gaskiya ita ce ta fi tsare mutuncinta.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: jarabawa na tafe, aji ya cika ya batse, littafi ɗaya yara biyar, mai gyaran takarda salon magana yake nema da tsarin sharhi. Ban musa ba, ni ma cikin wannan rana nake. Amma tambayar wa ya hana ta sani ba ta cin minti goma, kuma ɗalibin da ya iya amsa ta zai rubuta sharhin da ya fi na mai haddar sunayen salo. Gaskiyar da ba mu so mu faɗa ita ce tambayar tana da nauyi a bakinmu. Yawancinmu maza ne. Dariyar Anyes ta fi mana sauƙi a kan kallon Arnolf, don kada mu hango wani abu da ya yi kama da mu.

Wasu iyaye kuma suna cewa littattafan nan suna koya wa yara tsaurin ido. Makonni kaɗan bayan na canza yadda nake koyar da wasan, mahaifin ɗalibar nan ya zo ya same ni, dattijo ɗan kasuwa mai mutunci. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam, na ba ku yarinya ku koya mata karatu, ga shi ta fara tambayata abubuwan da uwarta ba ta taɓa tambaya ba."

Na ce: "Alhaji, wane irin abu take tambaya?"

Ya ce tana tambayar yadda ake rabon gado, da abin da ake rubutawa a takardar gida. Na roƙi arziki ya zauna, na ba shi labarin Ujeni daga farko har wurin sa hannu. Ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya ce, da mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, wani dangi ya kawo wa mahaifiyarsu takarda ya ce ta dangwala yatsa, ta dangwala, gidan da suka tashi a ciki ke nan ya tafi. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ya yi mini sallama ya tafi, yarinyar kuma ta ci gaba da zuwa har ta zauna jarabawa.

Ban kawo wannan don in ce Maraɗi ko Damagaram ta yau ita ce Paris ta 1662 ba. Ba ɗaya ba ne. Addininmu ya ba mace sadakinta da rabonta na gado da ikon dukiyarta ƙarnuka da yawa kafin dokar Faransa ta yarda matar aure ta riƙe asusunta, kuma uwayenmu sun daɗe suna sana'a a cikin gida da jarinsu, miji ba ya taɓawa. Amma haƙƙin da mai shi ba ta san da shi ba, wanda ya sani ne ke cinsa. A nan ne labarin Ujeni ya haɗu da na mahaifiyar Alhaji.

Akwai kuma masu cewa tunda mun raba gari da Faransa, kuma Hausa ta samu matsayin da ta daɗe tana jira, a tattara littattafansu a zubar. Ina farin ciki da ɗaukakar harshenmu kamar kowa, kuma ina so a cika azuzuwanmu da rubutun namu da na sauran Afirka. Amma duk wanda ke son yaranmu su daina kallon Faransa a matsayin aljannar wayewa, ba shi da shaidun da suka fi waɗannan littattafai. Su da kansu suka rubuta yadda suka kulle matansu. A karanta su da ido a buɗe, a matsayin shaidar wata al'umma a kan kanta, ba a matsayin wahayi ba.

Wanda kuma yake jin cewa zancen ilimin mata kayan Nasara ne, ya tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya soki malaman zamaninsa da kakkausar murya a littafinsa Nurul Albab, saboda suna koyar da almajirai a waje suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci a gida. Ruso ya rubuta Sofi Shehu yana yaro ƙarami. Ƴarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƴan taru, mata masu yawo ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Ta rasu a 1864, shekara uku bayan mace ta farko ta ci bak a Faransa. Idan ana neman wanda ya ari ra'ayin baƙi, to mai cewa a bar mace cikin duhu don ta yi biyayya shi ne ya fi kusa da Arnolf.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ƴan uwana malamai, duk lokacin da muka haɗu da mace marar sani a cikin littafi, mu rubuta tambayoyi uku a allo kafin mu rubuta ingénue: me ba ta sani ba, wa ya hana ta sani, me ya samu? Mu bar yara maza su amsa tare da mata, domin darasin nasu ne su ma. Arnolf ya ƙare a wulaƙance, ya yi asarar shekara goma sha uku da kuɗinsa da mutuncinsa, yana durƙuso yana roƙon so a wurin wadda ya hana ta sanin mene ne so. Ya kamata samarinmu su ga wannan tun kafin su yi gemu. Mu haɗa kowane littafi da dokar zamaninsa. Mu karanta Sofi tare da Emil. Mu ajiye Une si longue lettre na Mariama Ba kusa da Une vie, yara su ga bambancin macen da aka rubuta da macen da ta ɗauki alƙalami ta rubuta kanta.

Iyaye kuma, kunya ado ce, ba wanda ya ce a yar da ita. Amma kunya dabam, jahilci dabam, kuma mun daɗe muna kiran na biyun da sunan na farkon. Yarinyar da ta san haƙƙinta na aure da na gado, ta iya karanta takarda kafin ta sa hannu, ta san lissafin kuɗinta, ta ji daga bakin uwarta ko gwaggonta abin da ke jiran ta a gidan miji, ba ta rasa kunya ba. Idan ƴarka ta dawo daga makaranta da tambaya, kada ka zo neman malamin da ya ɓata ta. Zaunar da ita ka amsa mata, in ba ka sani ba ku je wurin wanda ya sani tare. Ranar da ba ka nan, abin da ke cikin kanta ne zai tsaya mata.

Ni dai bana da muka iso wurin kunne, aji ya yi dariya kamar kullum. Na bari suka gama. Sannan na ɗauki alli na rubuta sunan Arnolf a allo, na ce su buɗe fitowa ta farko su nemo mini shekarun Anyes ranar da ya karɓe ta. Wani yaro a layin gaba ya samo, ya ce huɗu. Ajin ya yi tsit, muka fara darasi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana.